An Sake wa Kwamfuta Windows, Office Ya Ƙi Karɓar Gyara: Wa Ke da Alhaki?

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina bai wa Windows 10 gyaran da ya yi shekara goma yana ba shi kyauta kowane wata. Saboda haka ma'aikatu a ko'ina cikin duniya suka shiga gaggawar mayar da kwamfutocinsu kan Windows 11. Ofisoshin ƙasar nan, daga Yamai zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, da kayan kamfanin guda suke aiki, don haka wa'adin ya shafe su kamar yadda ya shafi kowa. Aiki ne mai burge ido. Fuskar na'ura ta sake, komai ya yi fes, shugaban ma'aikata ya leƙo ya ga sabon abu, ya sa hannu a takardar biya, mai gyara ya kama gabansa. Sai bayan kwana biyu magatakarda ya buɗe Word don ya buga wasiƙa, ya tarar da ɗan saƙo da Faransanci yana cewa mizajur ba ta yiwu ba, da wata lamba a ƙarƙashinsa. Ya danna ya rufe, ya ci gaba da aikinsa. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Wannan ɗan saƙo da ake rufewa kowace safiya shaida ce cewa an biya kuɗin aikin da ba a gama ba. Kuma mafi yawan lokaci laifin ba na na'ura ba ne, ba na magatakarda ba ne. Yana wuyan waɗanda suka ba da aikin, suka karɓe shi ba tare da sun duba ba.

Ga mai karatu wanda bai saba da kwamfuta ba, wadda ƴan biro ke kira ordinater, ga yadda abin yake. Windows shi ne babbar manhajar da ke tuƙa na'ura baki ɗaya, kamar mai gida. Office kuwa, wato Word na buga takardu, da Excel na lissafi, da Outlook na wasiƙu, ɗan haya ne a cikin gidan. Kowannensu yana da ɓaraka da ake ganowa a kai a kai, kuma kamfanin yakan aiko da abin toshe ta intanet, galibi ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wannan toshiyar ita ce mizajur, ko sabuntawa. In an sake mai gida, ba dole ne ɗan haya ya ci gaba da samun saƙonsa ta ƙofar da ya saba ba. Abin da ke faruwa ke nan a kwamfutar da aka ɗaga zuwa sabon Windows aka bar Office nata yadda yake.

Wani zai ce, in dai Word yana buga takarda, Excel yana haɗa lissafi, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin abin da ya riga ya faru. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin ya toshe wata ɓaraka a cikin ɗan ɓangaren Office da ake rubuta alamomin lissafi da shi, ɓangaren da tun shekarar 2000 yake nan ba a taɓa shi ba. Shekaru bayan fitar gyaran, ɓarayin intanet sun ci gaba da shiga kwamfutocin mutane ta wannan ƙofa, domin akwai dubban na'urori da ba su karɓi gyaran ba. Dabararsu ba wuya: a aiko da takarda ta imel, a ce takardar biya ce ko gayyatar taro, ma'aikaci ya buɗe, shi ke nan. A shekarar ce kuma, ranar 12 ga watan Mayu, cutar kwamfuta da aka sani da WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, aka ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. A Faransa kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin takaici shi ne, gyaran da zai hana cutar shiga ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin ta ɓulla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a kwamfutocin hukuma akwai jerin albashi, da rajistar haihuwa, da takardun filaye, da sakamakon jarrabawar ƴan lakwal. Tun shekarar 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, kuma ma'aikatar da ke ajiye sunayen talakawa a na'urar da ta yi wata shida ba gyara ba ta riƙe amanar da dokar ta ɗora mata ba.

Idan saƙon ya ishi ma'aikaci ya kai ƙara, maganin da aka fi kawowa shi ne formataj, wato a share komai da ke cikin na'ura a sake girkawa daga farko. Wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi ƙwarai, domin ta fi sauƙi ga mai gyara, kuma ta fi kawo masa kuɗi. Amma daidai take da a rushe ɗaki don ƙofa ta ƙi rufuwa. Ana asarar yini guda ko biyu na aiki. Ana asarar takardun da ba a kwafe ba. Masu aikin yaƙi da jahilci da masu buga littattafai cikin harsunan ƙasa sun san wata asara ta musamman: tsofaffin takardu da yawa an buga su ne da wasu haruffa na musamman da aka girka da hannu domin a samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma in aka share na'ura ba a mayar da waɗannan haruffa ba, sai a buɗe littafin karatun manya a ga wasu alamomi daban sun maye gurbinsu. Bayan duk wannan, idan dalilin matsalar yana nan, saƙon zai dawo kafin wata ya ƙare.

Alhali kuwa bincike yana da tsari, kuma farkonsa ba ya cin ko dala. Abu na farko, a rubuta lambar da saƙon ya nuna a takarda, domin ita ce sunan cutar. Lamba 0x80070070 na nufin wurin ajiya ya cika. Lamba 0x80070005 na nufin an hana izini, wato mai aiki da na'urar ba shi da ikon shugaban na'ura. Lamba 0x80072F8F kuwa sau da yawa tana nuni ne ga agogo. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, don tana yawan faruwa a tsofaffin na'urori. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 a mafi yawansu, wanda ke riƙe kwanan wata lokacin da na'ura take kashe. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke kuran sai agogon ya koma shekarun baya. Na'urorin kamfanin da ke raba gyara ba sa magana da kwamfutar da kwanan watanta ya saɓa wa takardar shaidar tsaro, saboda haka sabuntawa ta tsaya cak. Batir na ƴan ɗaruruwan sefa ne, amma akwai na'urorin da aka share su ƙaf saboda shi.

Daga agogo sai wurin ajiya. Lokacin da aka ɗaga Windows, tsohon ba ya tafiya nan take. Yana zaune a cikin wata jaka mai suna Windows.old har kwana goma, domin wanda ya ga sabon bai yi masa ba ya iya komawa. Jakar tana da girma, kuma a na'urar da dama can cike take da hotunan biki da finafinai, ba a rasa ta cinye ɗan filin da ya rage. Waɗannan kwana goma suna da daraja, kuma a cikinsu ne ya kamata a gwada Office, da injin buga takarda, da manhajar lissafin kuɗi. Wanda ya bari suka wuce ya rufe wa kansa hanyar komawa cikin sauƙi.

Sai kuma hanyar intanet, wadda a nan ƙasar ita ce ta fi ba da wahala. Biro da yawa da wayar hannu ko ɗan akwatin layi suke haɗa kwamfuta, kuma in Windows ya ɗauki layin a matsayin mai iyaka, abin da allon ke kira connexion limitée, ba zai sauko da manyan gyare-gyare da kansa ba, don kada ya cinye kuɗin mutum. Ba lalacewa ba ce, tsimi ne. Akwai kuma yankewar kuran a tsakiyar girkawa, musamman a watannin bazara, wadda ke barin gyara rabi a ciki rabi a waje. Ma'aikatar da ta sayi kwamfuta ashirin ba ta sayi ondiler ba, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, ta yi tsimin da zai ci ta. Haka nan ba hikima ba ne kwamfuta ashirin su sauko da abu ɗaya sau ashirin ta layi ɗaya siriri. Kamfanin da kansa ya tanadi hanyar da za a sauko da gyaran Office sau ɗaya a ajiye a na'ura guda, sauran su ɗiba daga gare ta. Aiki ne na yini ɗaya ga wanda ya sani.

Idan agogo daidai ne, fili akwai, layi lafiya, sai a dubi Office ɗin kansa. A nan ne masu gyara da yawa ke ɓacewa, domin ba su san Office iri biyu ne ba wajen karɓar gyara. A buɗe Word, a shiga Fichier, a shiga Compte. In an ga maɓallin Options de mise à jour, to wannan irin da ke sabunta kansa ne, kamar Office 2019 da duk waɗanda suka biyo bayansa da Microsoft 365, kuma a nan za a danna a ga ko an kashe sabuntawar ne. In babu maɓallin, to tsohon salo ne, kamar Office 2016 da aka sayar wa ma'aikatu a dunƙule, wanda ta hannun Windows yake karɓar gyaransa. Shi kuwa Windows ba ya kawo wa sauran kayan kamfanin gyara sai an kunna masa wani maɓalli a cikin saitinsa, kuma a sabon girki a kashe maɓallin yake zuwa. Wannan nau'in ya fi haɗari, domin ba ya ko nuna saƙo. Shiru kawai yake yi.

Akwai kuma rikicin ɗan haya biyu a ɗaki ɗaya. Sabuwar kwamfuta takan zo daga kanti da Microsoft 365 na gwaji a cikinta, wani lokaci cikin harsuna da dama. Mai gyara ya zo ya ɗora tsohon Office na ma'aikata bai cire na gwajin ba, ko ya cire ya bar saura. Ko dai girkin ya ƙi, ko kuma ya zauna a kan tarkace. Maganin shi ne a cire duka da kayan cirewa na kamfanin, a girka guda ɗaya tak. In kuwa guda ɗaya ne amma ya samu rauni wajen ɗagawa, Windows yana da gyara iri biyu a jerin manhajoji: Réparation rapide, mai ɗaukar ƴan mintoci ba tare da intanet ba, da Réparation en ligne, mai sake sauko da Office gaba ɗaya. A fara da na farko. Babu ɗayansu da ke taɓa takardun ma'aikaci. Wani lokaci kuma tsohon antibirus ne, wanda lasisinsa ya ƙare tun shekara biyu, ke tsaye a bakin ƙofa yana hana gyara shiga, alhali Windows 11 yana zuwa da nasa mai tsaron.

Duk waɗannan matsaloli ne da ma'aikaci mai ɗan horo zai warware kafin azahar. Amma akwai guda biyu da babu mai gyaran da zai iya musu komai, kuma su ne ainihin maganar.

Ta farko, a ranar nan ta 14 ga Oktoba 2025 ba Windows 10 kaɗai aka sallama ba. Office 2016 da Office 2019 su ma a ranar wa'adinsu ya cika, kamar yadda na 2013 ya cika a watan Afrilu na 2023, na 2010 kuma a watan Oktoba na 2020. Mutane da yawa sun ji labarin Windows, ba su ji na Office ba. Saboda haka ana iya samun kwamfuta mai sabon Windows 11 ɗauke da Office da kamfaninsa ya daina yi wa gyara, ana ta bincike ana neman dalilin da ya sa sabuntawa ba ta zuwa. Ba ta zuwa ne domin babu ita. Duk ɓarakar da aka gano a cikinsa daga baya, a buɗe za ta zauna.

Ta biyu ita ce wadda ba a son faɗi a taron ma'aikata. Office ɗin da ke kan na'urori da yawa ba saye aka yi ba. An ɗauko shi ne a kile, an girka, an sa masa wata ƴar dabara mai ruɗinsa ya ɗauka yana da lasisi. Masu haɗa irin wannan girki sukan toshe hanyar sabuntawa da gangan don kada asiri ya tonu. Da an ɗaga Windows, mai tsaron da ke cikinsa ya ga dabarar ya ɗauke ta a matsayin cuta ya share ta, sai Word ya fara rubuta Produit sans licence a samansa, daga baya ya ƙi yarda a buga komai. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ɗalibin da ba shi da kuɗi ya yi haka, ana iya fahimtarsa ko da ba a yaba masa ba. Ma'aikatar hukuma kuwa, mai karɓar haraji, mai hukunta wanda ya shigo da kaya ta bayan fage, ba ta da wannan uzuri. Bugu da ƙari, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikin dabarar da aka sauko da ita daga wani shafi da ba a san mai shi ba. Irin wannan wayo ne ake yi wa tsofaffin na'urori da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, waɗanda ba su da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 ko kuma ƙwaƙwalwarsu ta tsufa. Ana tsallake sharaɗin a girka da ƙarfi, alhali kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ba irin waɗannan na'urori gyara ba.

Akwai ma'aikatan da ke cewa da gangan suke ƙin sabuntawa, domin sun taɓa ganin na'ura tana aiki lafiya, aka sabunta ta, ta ƙi tashi. Maganarsu ba shirme ba ce. Ranar 19 ga watan Yuli na 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya aika da gyara mai kuskure wanda ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan takwas da rabi a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma alƙalami da takarda. Gyara yana iya zama cuta. Sai dai darasin wannan rana shi ne a gwada kafin a raba. A ma'aikata mai kwamfuta talatin, a ware biyu su fara karɓa, a jira kwana uku ko mako guda, in babu ƙara sai sauran su bi. A kuma kwafe takardu masu muhimmanci a wani wuri daban kafin a taɓa komai. Jinkirin mako guda da tsari daban ne da jinkirin shekara uku da sakaci.

To, ina mafita ga ma'aikatar da Office nata ya mutu ko na tsintuwa ne? Hanya biyu ce mai mutunci. Ko a saya, ko a koma ga manhajar da ba ta buƙatar saye. Saye yana da nauyi, kuma ko ƙarin wa'adin da kamfanin ya sayar wa ma'aikatu don Windows 10 ya fara ne daga dalar Amurka 61 ga kowace na'ura a shekarar farko, wato sama da jika 30 na sefa, yana ninkawa kowace shekara. Hanya ta biyu ita ce LibreOffice, wanda wata gidauniya mai mazauni a Jamus ke kula da shi tun 2010, kyauta ne bisa doka, yana da Faransanci, yana buɗe takardun Word da Excel, kuma yana samun nasa gyaran. Ba talakawan ƙasashe kaɗai ke bin wannan hanya ba. Jandarmomin Faransa sun bar Office tun 2005 suka koma OpenOffice, daga 2008 kuma suka fara mayar da kwamfutocinsu kan Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Amma kada a ɗauka kyauta na nufin babu wahala. Birnin Munich ya yi shekaru yana aiki da Linux, a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. Wasu takardu sukan sake tsari in an buɗe su a wata manhaja, kuma kwantabul mai tsohon lissafin Excel cike da dabarun sarrafa kai zai sha wuya. Ana buƙatar horo, da haƙuri, da umurni daga sama cewa kowa ya bi. Ga sakatariya mai buga wasiƙu da cibiyar karatun manya, LibreOffice ya wadatar. Ga ofishin kuɗi, watakila saye ya fi. Abin da bai dace ba shi ne hanya ta uku da ake bi yanzu, wadda ba saye ba ce, ba kuma kyauta ba.

Nauyin yana kan magabatan ma'aikatu, kuma abin da ake nema gare su bai fi ƙarfinsu ba. Kowace ma'aikata tana da rajistar kujeru da tebura da motoci. Ya kamata kwamfuta ma a rubuta mata, ban da lambarta, wane Windows ke kanta, wane Office, ina takardar lasisinsa, yaushe wa'adinsa zai cika, da ranar da ta karɓi gyara na ƙarshe. Duk ɗan kasuwar da ya kawo kwamfutoci bisa kwangilar hukuma a nemi takardar lasisi a hannunsa kafin a karɓi kayan, kamar yadda ake neman takardun mota. Mai gyaran da aka ba aikin ɗaga Windows kuma kada a sa masa hannu a takardar biya sai ya buɗe Word a gaban mai karɓar aiki, ya danna sabuntawa, allon ya nuna cewa Office yana kan gyaran ƙarshe. Abokan hulɗa na waje da ke ba da kyautar kwamfutoci ga makarantu da ofisoshin magajin gari su ma a tambaye su wa zai biya lasisi bayan aikinsu ya ƙare.

Kuma ranakun ba asiri ba ne, kamfanin yakan bayyana su shekaru kafin su zo. Wa'adin da ya yanka wa Office 2021 shi ne 13 ga watan Oktoba na 2026, na Office 2024 kuwa watan Oktoba na 2029. Mai tsara kasafin kuɗin ma'aikata yana iya rubuta su a littafinsa, kusa da kuɗin man motoci da na takarda, ya ware abin da za a saya da shi ko abin da za a horar da ma'aikata da shi tun shekara guda kafin ranar.